Ranar da Sandar Pompey Ta Tsaya

Pompey Mungin mijin yayata ne, kuma tun ina yarinya ban taɓa ganin ya fara kallon mutum ta fuska ba. Ƙafa yake fara dubawa. In ka shigo gidansa sai ya dubi takalminka, ya dubi yadda kake jan diddige, sannan ya ɗago ya ce, "Au, ashe kai ne." Yayata Binah takan ce ƙafarta ya aura, ita biyo ƙafar ta yi kawai.

Shi ne mai sanda a ɗakin yabo, ƙaramin ɗakin ibada na tsibirinmu. Ranar Lahadi da yamma, idan an gama addu'a, mukan tura bencina jikin bango mu yi zobe a tsakiya. Ni Essie ni ke ɗaga waƙa, sauran su amsa suna tafi, mu dinga jan ƙafa muna zagayawa ta hannun hagu. Pompey kuwa yana kusurwa a kan gajeriyar kujera, sanda a tsaye tsakanin gwiwoyinsa, yana buga gindinta a kan katakon ƙasa. An ƙwace wa kakanninmu ganga a zamanin bauta, sai sanda da katako suka rage musu, su kuma suka bar mana.

Zagaye yana da doka ɗaya. Ba a ɗaga ƙafa, ba a gicciya ta. Wanda ya ɗaga ko ya gicciya rawa yake yi, rawa kuwa ta duniya ce, ba ta shiga ɗakin Ubangiji. Idan mai sanda ya ga haka sai ya tsayar da sanda, ya nuna mutum, mutumin ya fita. Lahadi mai zuwa ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "'Yan uwa, ku karɓe ni." Mai sanda ya buga sau ɗaya, shi ke nan an wuce wurin. Babu wanda ba a taɓa fitarwa ba a cikinmu. Ni kaina an fitar da ni ina da tsohon ciki.

Bugun farko kowa zai iya kwaikwayonsa, har yara suna yi a kan tebur. Abin da ba kowa ya iya ba shi ne juyi. Idan zagaye ya yi zafi, waƙa ta gajarce, numfashi ya haɗu wuri ɗaya, sai mai sanda ya juya bugun. Ba sauri ya ƙara ba, ba kuma sassautawa ya yi ba. Wani abu yake yi tsakanin sanda da diddigensa, sai ka ji katakon ya ɗauke ka, tsohuwa mai ciwon gwiwa ta manta da gwiwarta. A nan Ruhu yake sauka. Na shekara fiye da sittin ina jin juyin nan a tafin ƙafata, amma ko da wuƙa a wuya ba zan iya gaya maka yadda ake yin sa ba. Mutum ɗaya ke riƙe da shi a kowane zamani, ya miƙa wa mutum ɗaya. Pompey ya karɓa daga kawunsa Quash, bayan ya shafe shekaru yana jan ƙafa a zobe, domin Quash cewa yake yi hannu ba ya koyon abin da ƙafa ba ta sani ba.

Ban da sanda, rayuwar Pompey irin ta kowa ce a nan. Ya yi noman dankali da kuɓewa, ya yi kamun jatan lande a jirgin wani, ya saƙa raga da hannunsa. Sai aka yi gada. Ni har yau ban yafe wa gadar nan ba. An ce za ta kawo mana likita da makaranta, sai ta kawo masu kuɗi da mota, ta kuma kwashe mana yara. Gonaki suka koma filin wasan golf. Pompey ya yi shekaru yana yankan ciyawa a daidai inda ubansa ya shuka masara, yana cire hula yana gaida baƙi. Bai taɓa yin ƙorafi a gabana ba. Abin da ke cin ransa daban ne.

'Ya'yansa maza uku. Babban ya shiga soja bai dawo da zama ba. Na biyu ya tafi Philadelphia, ya shiga wata coci mai kayan kiɗan lantarki, yana jin kunyar zagaye. Auta, Lucius, shi ne mai kunne. Tun yana ƙarami in ya buga cokali a kwano Pompey kan daina cin abinci ya saurara. Amma Lucius ya ce shi ba zai tsufa yana dukan katako ba, ya tafi Atlanta yana tuƙa babbar mota, ciwon zuciya ya kashe shi kafin furfura ta fito masa. Daga ranar Pompey ya daina maganar wanda zai gaje shi. Mu ma muka daina tambaya. Zoben da a da ba ya shiga ɗaki sai an yi biyu, ya koma tsofaffin mata shida, kowacce tana jin numfashin ta gabanta.

Sai Binah ta rasu, 'yar Lucius ta zo jana'iza. Sunanta Jalisa, doguwa, mai idon ubanta da bakin kakarta. Ta karanta rawa a jami'a, tana koya wa yara a Atlanta. Bayan mun dawo daga maƙabarta muka yi wa Binah zagaye. Jalisa tana bakin ƙofa. Da Pompey ya juya bugun, na ga yarinyar ta dafa bango tana kuka kamar an doke ta.

Washegari ta same shi a baranda yana ɓare wake.

"Kaka, koya mini."

"In koya miki me? Ke da kike da takardar shaidar tsalle-tsalle."

"Sandar nake so."

"Tashi ki yi tafiya in gani."

Ta tashi ta je bakin matakala ta dawo. Ya girgiza kai.

"Wannan ai tafiyar balbela ce a taɓo. Ɗaga, ajiye, ɗaga, ajiye. Wa ya gaya miki ƙasa na cizo?"

"To ai gara balbela da kaguwa. Kai ka ga taka tafiyar kuwa?"

"Essie, kin ji 'yar Lucius? Ko gaisuwa ba ta iya ba, sai zagin tsofaffi."

Na ce ni babu ruwana, gado ba ya ɓata. Amma na ga bakinsa yana motsi, dariya yake ɓoyewa, kuma rabon da in ga haka tun kafin ciwon Binah.

Babu macen da ta taɓa riƙe sanda a tsibirinmu. Na ɗauka a nan za a tsaya. Da Phibby, babbarmu a zobe, ta ɗaga maganar, Pompey ya ce, "Kawo mini namijin, in ba shi."

Jalisa ta bar aikinta. Ta tare a ɗakin kakarta, ta samu aikin karɓar baƙi a wani otal a hayin gada. Duk Lahadi tana zobe, Pompey yana kusurwa idonsa a kan ƙafarta. Ya wahalar da ita, gaskiya. Jikin da aka koya wa tashi sama ba ya son kwanciya ƙasa. Ya fitar da ita ba sau ɗaya ba, ta dawo ta tsaya a ƙofa ta faɗi kalmomin tana murguɗa masa baki, ya buga mata. Da dare ya yi za ka ji su suna musu a kan gishirin shinkafa. Gidan ya dawo da rai. Har ƙiba Pompey ya yi.

Bayan an fi shekara, wata rana yana raka ni bakin hanya ya ce, "Essie, ƙafarta ta kwanta."

"To ka ba ta mana. Me kake jira, sai ka mutu?"

"Ke dai bakinki ba ya faɗin alheri. In sanyi ya shigo zan zaunar da ita. Juyi ba abin da ake bayarwa a tsaye ba ne."

Da na san abin da ke tafe, da a ranar na kama kunnensa na kai shi kusurwa.

A lokacin nan ne wata mata daga ofishin raya al'adu ta zo tana roƙo mu je bikin gargajiya a cikin gari. Ta sha zuwa a baya, Pompey yana korarta cikin ladabi. Ko na'urar ɗaukar murya bai taɓa yarda a shigo da ita ɗakin yabo ba, cewa yake yi ba a ɗaukar addu'a a kai kasuwa. Wannan karon Jalisa ce ta shawo kansa.

"Kaka, ku shida ne, kuma ba wadda ba ta shan magani. Bari mutane su gani. Wataƙila jikokin wasu su ji abin da na ji."

Ya ce, "Saboda ke."

Ranar bikin rana ta take sosai. An cika bakin ruwa da rumfuna, masu ɗinkin kwando na ciyawa, masu zanen hotunan mata da manyan huluna, masu sayar da jar shinkafa da kaguwa. Aka ba mu dogayen riguna da ɗankwali irin na bayi mu sa, kayan da kakata ta yi rantsuwa ba za a binne ta da su ba. Na sa ina ƙunƙuni. Da yake mun yi kaɗan, aka ƙara mana 'yan makarantar rawa guda takwas don zoben ya cika ido. Yara ne masu kirki, suna ta ce mana Mama, amma tun a bayan dandamali suke tsalle suna miƙa ƙafa. Na ce wa Pompey, "Waɗannan fa?" Ya ce, "Ba namu ba ne. Ba zan kalle su ba."

Aka zaunar da shi a gefe, aka ajiye abin magana a ƙasa kusa da gindin sandar don a ji bugun. Wayarsa ta ratsa dandamalin, an manne ta da baƙar leda mai danƙo. Na ɗaga waƙa, muka fara. Katakon siriri ne, yana amsawa kamar akwatin banza, amma Pompey ya same shi. Zagaye ya soma ɗumi. Har na fara tunanin yarinyar nan ta yi gaskiya.

Tsallen 'yan makarantar ne ya ɓamɓare ledar. Waya ta tashi ta yi lanƙwasa a kan hanyarmu, daidai tsayin idon sawu. Ni na gani, don ina bayansu. Jalisa ce a gaba, bayanta Dorcas, wadda ido ɗaya ya mutu ɗayan kuma yana hanya. Mai jan ƙafa ba ya tsallake komai, in Dorcas ta isa wurin faɗuwa za ta yi. Sai Jalisa ta ɗaga ƙafar dama ta tsallake, ta gicciyo ta hagu ta ture wayar gefe. Abin bai fi ƙiftawar ido ba.

Sanda ta tsaya.

Tafi ya mutu, ni ma na yanke waƙa. Pompey ya ɗaga sandar ya nuna jikarsa. Ya ce, "Fita." A ɗakin yabo da mu kaɗai za mu ji. A nan kalmar ta fita ta manyan lasifikoki, ta tsallaka ruwa. Jama'a suka ɗauka cikin wasan ne, suka fashe da dariya, wasu har da tafi, wayoyi a sama ana ɗauka. Jalisa ta tsaya tana kallonsa. Ta tattare rigar bayin nan ta sauka. Pompey ya mayar da sanda ya ci gaba da bugu, yana jira in ɗaga waƙa. Na ƙi. Ya buga, ya buga shi kaɗai, sannan ya daina. Ba a kai ko kusa da juyi ba.

Da safe na same shi a baranda. Ban gaishe shi ba.

"Waya ce, Yaya Pompey. Dorcas ta ceta."

"Na ji. An gaya mini."

"To?"

"To me? Ƙafa ta tashi ko ba ta tashi ba?"

"Yara takwas suna tsalle kamar kwaɗi, ba ka gan su ba, sai ita."

"Su ba sanda zan ba su ba."

"Ka je ka ba ta haƙuri. Tana ɗaki, tun jiya ba ta ci komai ba."

"Mai sanda ba ya ba da haƙuri, Essie, kin sani. Kawu Quash ya fitar da uwar da ta haife shi, ranar da ta tsallake maciji a cikin zobe. Ta dawo ta tsaya a ƙofa. Kalma biyar ce. Ta faɗa, in buga, a wuce wurin."

"Uwar Quash ba a gaban duniya aka kore ta ba."

"Wa ya kai mu gaban duniya?"

Ya faɗi wannan da ƙarfi, kuma tagar ɗakin Jalisa a buɗe take.

Hoton ya yaɗu a waya. Tsoho ya kori jikarsa daga aiki, haka aka rubuta, mutane suna ta dariya. Tsofaffin abokan aikinta sun gani, yaran da ta koyar sun gani, baƙin otal suna nuna ta da baki. Ranar Lahadi Pompey ya sa farar rigarsa, ya zauna a kusurwa da wuri, idonsa a ƙofa. Muka yi addu'a, muka ja addu'ar, muka tura bencina a hankali. Ba ta zo ba. Tun ranar Asabar ta kama hanyar Atlanta, shi yana ɗan lambunsa na kuɓewa.

Na kira ta ya fi a ƙirga.

"Kaka Essie, ban yi laifi ba. In da laifi na yi da rarrafe zan zo."

"'Yar nan, ba maganar laifi ba ce. Tsoho ne. Kalma biyar."

"Shi ma kalma ɗaya ce. Ya ɗauki waya ya ce in dawo."

Na koma wurinsa, ya ce ƙofa a buɗe take, bai taɓa rufe ta ba. Haka na yi ta kai da kawo tsakanin kawuna biyu masu taurin dutse, jini ɗaya, hali ɗaya. Na yi faɗa, na yi roƙo, na yi kuka. Na tsani taurin kansa, amma na fahimce shi, wannan ne ya fi ci mini rai. An karɓe masa gona, an karɓe ruwa, an karɓe 'ya'ya. Dokar nan ita kaɗai ta rage a hannunsa ba a taɓa ba, ya ƙanƙame ta har ta shaƙe abin da take karewa.

Sanyi ya shigo ya fita, wani ya sake shigowa. Phibby ta rasu. Minda ta koma wurin 'yarta a Savannah. Wata kuma ƙugu ya kwantar da ita. Muka rage mu uku a zobe, in uku zobe ne. Pompey ya rame, rigarsa tana rataye a jikinsa. Yana bugu, amma ya daina juyawa, ya ce ƙafa shida ba su isa su ɗauki juyi ba. Sau ɗaya na gan shi da waya a hannu a baranda, ya sa tabarau yana kallonta. Da ya hango ni sai ya tura ta ƙarƙashin hula.

Wata safiya maƙwabci ya tsince shi kwance a cikin kuɓewa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, hannu da ƙafa, harshe kuma ya tafi. Likita ya ce yana ji, yana ganewa, hankalinsa garau. Ni da za a tambaye ni, wannan ba rahama ba ce.

Jalisa ta iso washegari. Ta kwana a asibiti, ta wanke shi, ta ba shi abinci a baki. Da aka sallame shi ta dawo da kayanta gaba ɗaya. Lahadin farko ta turo shi a keken guragu zuwa ɗakin yabo, ta ajiye shi a kusurwarsa, ta koma waje ta tsaya a bakin ƙofa. Ba wanda ya ce ta yi.

"'Yan uwa, ku karɓe ni."

Muka juya muka dubi Pompey. Hannun hagunsa ya motsa a kan bargo, ya kasa tashi. Wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa. Na ce, "Shigo, 'yar nan, ya ce ki shigo."

Ta ɗauki sandar ta zauna kusa da shi. Na ɗaga waƙa da muryar da ta rage mini, ni da Dorcas da Hagar muka fara jan ƙafa. Bugun farko ta iya shi tsaf, har Dorcas ta yi murmushi. Muka zagaya, muka zagaya, numfashi ya haɗu, aka zo wurin. Jalisa ta juya. Ta yi wani abu mai kyau, mai sauri, mai daɗin ji. Katakon bai ɗauke mu ba. Gwiwata tana nan tana ciwo.

Ta tsaya. Ta sake gwadawa ta wata hanya, ta sake ta wata. Zufa ta jiƙa ta. Ta juya wurinsa.

"Kaka, haka ne? In haka ne ka rufe ido."

Bai rufe ba. Ta gwada wani, ta tambaya, bai rufe ba. Idon a buɗe, ruwa yana gangarowa ta gefen da ya mutu. Sai ta dube mu.

"Kaka Essie, ku kun sha ji. Ina ne nake kuskure?"

Mu uku muka kalli juna. Dukkanmu mun san ba haka ba ne. Ba wadda ta san yadda yake. Hagar ta fara tafa wani abu a cinyarta, ta rikice, ta bari. Yarinyar tana jira, sanda a hannu, ta bar komai nata ta dawo.

Na ce, "Ya yi kusa. Ci gaba."

Tana ci gaba har yau. Yanzu baƙi suna zuwa ranar Lahadi a mota mai tsawo, an sa allo a bakin hanya, jarida ta rubuta cewa al'adar tana raye a hannun jika. Jalisa tana wanke kakanta, ta sa masa farar riga, ta turo shi kusurwa. Duk lokacin da ta zo juyi takan gwada sabon abu, ta waiwaya ta dubi idonsa. Baƙi su yi tafi. Shi kuma yana zaune yana ji, abin yana nan cikakke a cikin kansa, idonsa a buɗe.